Kumburin gwiwa: wane hoto ya cancanci kuɗinka?

A gaban ƙoƙon gwiwa akwai wata 'yar jaka mai ɗan ruwa da ke hana fata gugar ƙashi. Yawan durƙuso kan sa ta cika ta kumbura, shi ya sa ake yawan ganin ciwon ga masu sa tayil da kanikawa da matan da ke goge ɗaki a durƙushe. Sau da yawa likita da ido da hannu yake gane shi. Idan kuwa ya nemi hoto, aljihunka ne zai ji.

Hoton ƙashi ne mafi araha, kuma kusan kowane babban asibiti na yin sa. Sai dai ƙashi yake nunawa, ba jakar ba. Amfaninsa a tabbatar babu karaya ko amosanin gaɓa, musamman bayan faɗuwa.

Ni dai sikanin zan zaɓa, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Yana nuna ruwan da yawansa, ya bambance wanda ke cikin jakar da wanda ke cikin gaɓar kanta, ba ya amfani da hasken radiyeshin, likita kuma na iya kallon allura a allo yayin da yake zuƙe ruwan. Ingancinsa ya dogara da hannun mai yi. Wanda ya ƙware a duba ciki ba lallai ya iya duba gaɓa ba, don haka ka tambaya kafin ka biya. Asibitoci irin na Ƙashi da ke Dala a Kano sun fi sabawa da gwiwa.

MRI, hoton da ake shigar da mutum cikin babbar na'ura mai maganaɗisu a ɗauka, ya fi duka fito da komai, har guringuntsi da jijiyoyin gaɓa, amma tsadarsa ta ninka ta sauran nesa ba kusa ba, ga jiran layi. A ajiye shi sai gwiwa tana maƙalewa, ko tana sulluɓewa, ko magani ya ƙi ci. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ya faɗa tun kafin ya shiga.

In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, babu hoton da zai tabbatar ko ƙwayoyin cuta ne. A ranar za ka je asibiti a zuƙi ruwan a kai ɗakin gwaji, ƙwayar cutar da aka fi samu a ruwan kuwa ita ce Staphylococcus aureus. Don Allah kada ka bari a tsaga maka shi a gida.