Ingirici, harawa ko ɗanyar ciyawa: me za ka saya wa ɓeran Masar a Legas?

Duk wanda ya sayo ɓeran Masar a Legas, ko don yara ko don kiwo, ba ya yin sati biyu sai ya fara tambayar inda zai samu busasshiyar ciyawa. A Kano ko Zariya wannan ba abin tambaya ba ne. A nan kuwa, gari ne na siminti da laima, ciyawar da ka shanya da safe kafin la'asar ruwa ya jiƙa ta. Shekaru ke nan ina riƙe da waɗannan dabbobi a Agege, kuma kusan duk abin da ake sayarwa da sunan abincinsu na gwada shi.

Kafin maganar saye, sai an san dalilin da ya sa ciyawa ta zama dole. Sunan Masar kawai ya ara, asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, inda ya saba yini yana tsinkar ciyawa. Haƙoransa 20 ne, kuma dukkansu girma suke yi har ya mutu. Taunar doguwar ciyawa mai kaushi ita ke goge su. Idan babu ita, turamen ciki sukan yi tsawo har su danne harshe, dabbar ta dinga dalalar da yawu tana kallon abinci ba ta iya ci. Hanjinsa ma haka yake, ba ya son tsayawa. Ɓeran Masar da ya kwana ya yini bai ci komai ba yana cikin haɗari na gaske. Shi ya sa likitocin dabbobi ke cewa kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa ciyawa ce.

Abin da za a fara nuna maka a shagunan dabbobi na Lekki da Ikeja, ko a Jumia da Jiji, shi ne ciyawar Timoti da ake shigowa da ita daga Turai da Amurka. Ba ni da abin da zan kushe ta da shi ta fuskar inganci: doguwa ce, tana da kaushi, sinadarin kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Matsalarta biyu ce. Farashinta yana bin dala, kuma wani lokaci sai ta ɓace a kasuwa gaba ɗaya. Sannan ledar da ta daɗe a sito cikin damshin Legas kan iya zuwa maka da warin funfuna. Idan kana da hali kuma dabbobinka ba su wuce biyu ba, saye ta, amma ka buɗe ka shinshina tukuna. Ka kuma duba kada a haɗa ka da alfalfa, wani ganye dangin wake da ake busarwa, domin ita wata aba ce daban.

Ni dai inda hankalina ya kwanta shi ne wajen 'yan'uwanmu masu raguna da shanu, a Oko-Oba da kuma Kara da ke bakin hanyar Ibadan. Motocin da ke sauko da dabbobi daga Arewa suna zuwa da abincinsu, kuma a nan ne ake buƙatar buɗe ido, saboda abubuwa biyu ne mabambanta a gabanka.

Ranar da na fara zuwa, wani dattijo mai sayar da abincin dabbobi ya ɗago mini damin harawar gyaɗa ya ce, "Malam, wannan ita ce mai sa ƙiba, ɗauki ka gani." Na ce, "Baba, ai ba ƙiba nake nema ba, ingirici nake so." Gaskiyarsa ce, harawa tana gina rago. Amma harawar gyaɗa da ta wake dangin alfalfa ne, suna da furotin da kalsiyam da yawa. Ɓeran Masar yana fitar da rarar kalsiyam ta fitsari, kuma idan ya yi yawa sai ya dunƙule ya zama tsakuwa a mafitsara. Za ka ji dabbar tana ƙara in za ta yi fitsari, wani lokaci har da jini, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Don haka harawa ta dace da 'ya'yan da ba su kai wata shida ba, da mai ciki, da mai shayarwa. Babba kuwa ɗan tsakure ya ishe shi, ba kullum ba. Akwai kuma wani abin tsoro game da ta gyaɗa: idan ta sha damshi ta yi funfuna tana iya ɗaukar dafin afulatoksin mai lalata hanta. Duk damin da ka ga baƙi-baƙi ko fari-fari a cikinsa, bar musu.

Ingirici kuwa, wato zallar ciyawa da aka yanka aka busar, irin su harkiya da ƙyasuwa da burburwa, shi ne ya fi kusa da abin da ake buƙata. Nemi mai sauran launin kore, mai ƙamshi, mai ganye fiye da kara. Girgiza shi ka gani. Idan ƙura ta tashi sosai, zai dame su da atishawa, kuma huhunsu ba shi da juriya. Ka tsince ƙarangiya da ƙaya da hannunka kafin ka zuba. Kada a ba ka tattakar gero ko karan shinkafa a ce maka ciyawa ce, wannan shimfiɗa ce kawai. Masu kula da dawaki ma sun san inda ingirici mai kyau yake, domin doki ba ya jure ruɓaɓɓen abinci, in ka san wani a cikinsu tambaye shi. Lokacin saye mafi kyau bayan kaka ne, daga Nuwamba zuwa Janairu. Gab da Babbar Sallah kaya suna yawa amma kuɗinsu ma ya hau.

Sai ɗanyar ciyawa, wadda damina ke ba ka kyauta. Ta ma fi busasshiya daɗi a bakinsu, kuma tana goge haƙora yadda ya kamata. Ciyawar giwa tun tana matashiya, da kiri-kiri, da dogayen ciyayin da ke fitowa a filayen da ba a gina ba a Ikorodu ko Epe, duk suna ci. Damuwata da ita wajen da aka yanko ta ne. Mutanen Legas suna yawan fesa maganin kashe ciyawa a gefen gida da kango, ta bakin titi ta sha hayaƙin danfo, ta bakin kwata kuma ba sai na faɗa ba. Na taɓa rasa wata mace mai ciki bayan an kawo mini ciyawa daga filin da aka yi wa feshi, har yau abin yana taɓa ni. Yanke da lauje ko almakashi, wanke, bari ta tsane. Wadda injin aski ya niƙa kada ka ba su, tana saurin yin zafi ta kumbura ciki. In sun saba da busasshiya, shigo da ɗanyar kaɗan-kaɗan cikin mako guda don kada su yi zawo.

Kana iya busar da taka idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu: baza ta a kan raga ko kwano sama da ƙasa, juya ta kullum, shigar da ita da dare saboda raɓa. Ajiye a kwali ko buhun algarara, ba leda ba.

Don cike giɓi, bawon ɗanyar masara da gashinta suna da kyau ƙwarai, kuma masu gasa masara zubarwa suke yi. Ganyen ayaba da na dankalin Hausa ma suna taimakawa. Ganyen rogo, na tumatir, na dankalin Turawa, albasa da tafarnuwa kuwa kada su kusance su.

Game da dunƙulallen abincin kamfani, ra'ayina shi ne kada ka zuba kuɗinka a kai. Cokali ɗaya ko biyu a rana ya wadatar, kuma ba ya maye gurbin ciyawa don ba ya buƙatar doguwar tauna. Na zomo ba a yi shi da bitamin C ba, na kaji kuwa ko kusa. Wannan bitamin shi ne abin da busasshiyar ciyawa kowace iri ba za ta ba su ba. Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya haɗa shi, kuma yana buƙatar miligiram 10 zuwa 30 kullum, mai ciki ta fi haka. Wanda aka zuba a abincin kamfani yana lalacewa cikin kamar wata uku, a zafin Legas ma ya fi sauri. Kuɗin nan ka kai shi kasuwar Mile 12 ka sayo koren tattasai ko ja mai zaƙi marar yaji, yanka ɗaya ga kowace dabba a rana, wani lokaci ka sauya da ɗan yankin gwaiba. Alayyahu da zogale a taƙaita su, saboda kalsiyam ɗin nan dai.

A gidana yanzu ingiricin Arewa ne ba ya yankewa a keji dare da rana, ɗanyar ciyawa da bawon masara da yamma idan damina ce, tattasai da safe. Harawar wake tana gefe a kwali, sai wata ta ɗauki ciki nake buɗe ta.