GTO Wizard ga mai son maida gasar poka sana'a: ra'ayina tsakani da Allah

Tambayar da masu tasowa a poka suka fi yi yanzu itace wai in mutum ya biya kuɗin manhajar nazarin poka ta GTO Wizard ya zauna ya haddace abin da ke ciki, shikenan zai iya shiga manyan gasanni ya riƙa ci da kansa da ita? Na daɗe ina amfani da ɓangaren gasa na manhajar kuma gaskiya ina sonta sosai, shi yasa bana so wani ya siya da tunanin da ba shi ba.

Ga wanda bai sani ba, irin wannan manhaja ita ake kira solba. Kwamfuta ce take buga hannu ɗaya, wato zagaye guda na wasa, da kanta tana maimaitawa tana gyarawa har ta kai inda babu ɓangaren da zai ƙaru da komai in ya canza salonsa shi kaɗai, wato daidaiton nan da ake danganta wa masanin lissafi John Nash. PioSOLVER da ta fito a 2015 ita ta fara kawo abin hannun 'yan wasa sosai, amma ita sai kana da kwamfuta mai ƙarfi, kai zaka tsara komai da hannunka sannan ka zauna jiran amsa. A 2017 kuma wata manhaja Libratus ta jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu a Pittsburgh bayan hannu 120,000, daga nan gardamar ko kwamfuta ta iya poka ta mutu. Abin da GTO Wizard ta yi shine ta riga ta warware yanayi masu ɗimbin yawa ta ajiye, kai dai ka buɗe a burauza ko a waya ka zaɓi kujerarka da yawan cips ɗinka, wato kwandalolin da ake wasa da su a madadin kuɗi, amsa ta fito nan take.

Fuskar farko da zaka gani akwatuna ne 169, domin duk da katin karta 52 ne kuma hanyoyin da za a raba maka biyu sun kai 1,326, in an haɗa masu kama da juna 169 suke komawa. Ja na nufin ka ƙara kuɗi, kore ka bi, shuɗi ka yar da kati. Ido yana saurin sabawa da shi. Akwai kuma wajen atisaye inda manhajar take raba maka kati ka yanke hukunci ta gaya maka nawa ka yi asara da wannan zaɓin, da wajen da zaka ɗora tarihin hannayen da ka buga a intanet ta tace maka su ta jero inda kuɗi ke zurarewa. Duk waɗannan suna aiki yadda ya kamata, ba sai na tsaya a kansu ba.

Inda nake ganin kuɗin mutum yake halalta shine ɓangaren ICM, wato lissafin da yake gaya maka darajar cips ɗinka a kuɗin gaske cikin gasa, kuma nan ne ɗan gasa ya bambanta da mai buga teburin tsabar kuɗi. A teburin tsabar kuɗi cips ɗin dala ɗaya dala ɗaya ne ko yaushe. A gasa ba haka bane sam. Ɗauki babbar gasar poka ta duniya, WSOP, ta Las Vegas a 2023, mutum 10,043 suka shiga kowa ya biya dala 10,000, kuɗin rabo ya haura dala miliyan 93, Daniel Weinman ya tattare cips ɗin kowa da kowa a gabansa amma dala miliyan 12.1 ya tafi da ita, sauran an raba wa waɗanda suka faɗi kafin shi. To ka ga wanda ya cinye cips duka bai cinye kuɗi duka ba, ma'ana cips ɗin da zaka rasa sun fi waɗanda zaka ciwo daraja, kuma wannan 'yar maganar ita take juya wasan gaba ɗaya idan an zo bakin shiga kuɗi, wato dab da a fara biyan waɗanda suka rage, ko an hau teburin ƙarshe. Hannun da zaka bi da shi ido rufe a farkon gasa, a nan sai ka ga manhajar ta shafa masa shuɗi. Mai cips da yawa ya samu lasisin takura wa kowa, mai matsakaici shi ne abin tausayi domin in ya fita kafin wancan mai 'yan cips kaɗan ya yi asarar matakin kuɗi guda a banza. Har akwai yanayi a gasar share fage, inda duk wanda ya tsira kujera iri ɗaya zai samu, da daidai shine ka yar da AA, katin da ya fi kowanne, wanda yake cin hannun da ba a sani ba kusan kashi 85 cikin 100, saboda kashi 15 ɗin da ya rage ya isa ya raba ka da kujerar da ka riga ka kusa mallaka. Zuciya bata yarda da wannan da sauƙi wallahi, sai ka gani a lissafe ka sake gani ka yi atisaye a kai kafin hannunka ya iya sakin katin. Da can sai dai ka ji a bakin manya ko ka yi ta kirdado, yanzu gashi a gabanka ka canza yawan cips ɗin kowa ka ga yadda launukan suke motsi. Don wannan kaɗai na ba manhajar maki mai yawa.

Sai dai shi kansa ICM ɗin lissafi ne mai iyaka, yana ɗauka kowa a teburin ƙwarewarsu ɗaya, don haka dole ka ɗora naka hankalin a sama.

Haka ma solbar, tana koya maka yadda zaka kara da wanda baya kuskure ne. Zaka ga ta ce wannan hannun ka ƙara kuɗi wani lokaci ka bi wani lokaci, ta raba maka kashi-kashi, masu sabon shiga sai su ɗauki littafi suna hadda, aikin banza ne wannan, abin nema shine dalilin da yasa ta zaɓi wannan katin don yin burga ta bar wancan. Kuma a gasa mai ɗaruruwan mutane irin wadda Chris Moneymaker, akawu da ya shigo ta gasar share fage ta intanet, ya ci dala miliyan 2.5 a 2003, yawancin mutanen 'yan sha'awa ne, ribarka tana wajen ka kauce wa littafi ka bi kuskurensu. Akwai wajen da zaka kulle salon abokin karawa ka ce mata wannan baya burga ko wannan baya yar da kati ta sake lissafi, yana cikin tsarin biya na sama, kuma shi ne ya fi kusa da wasan gaske.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun. A manyan teburan nan na dala 100,000 zuwa sama, irin na Triton ko Super High Roller Bowl, kusan duk ƙwararren da ke zaune yana da solba, wasu ma da masu taya su nazari. Manhajar bata ɗaga ka sama da su, tana hana su cinye ka da wuri ne kawai. Abin da yake raba wanda ya daɗe a sana'ar da wanda ya ɓace ba a allon yake ba, yana wajen kuɗi. Kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne ake biya a yawancin gasanni, kenan ko gwanin gwanaye ya fi tashi hannu rabbana, zai iya yin watanni yana biyan kuɗin shiga da jirgi da otal babu abin da ya dawo, kuma bai yi kuskuren komai ba. Shahararren ɗan poka Daniel Negreanu da kansa ya fitar da lissafinsa na 2017, ya ci sama da dala miliyan 2.7 a shekarar amma kuɗin shigar da ya biya sun fi haka, asara ya yi. Shafin Hendon Mob da kowa yake dubawa yana jinjina wa mutane abin da aka ci kawai yake nunawa, baya cire kuɗin shiga. In ka ga an ce Antonio Esfandiari ya ci sama da dala miliyan 18 a 2012 a gasar da kuɗin shigarta dala miliyan ɗaya ne, ka sani a irin wannan matakin al'ada ce 'yan wasa su sayar da kaso na kansu ko su yi musayar kaso da juna, wasu kuma uban gida ne yake biya musu su raba riba, in an yi asara ta zama bashi a kanka sai ka cike ramin kafin ka ga sisi. Ga kamashon masu shirya gasa, a waccan ta 2023 dala 9,300 ce cikin kowace 10,000 ta shiga rabo. Ga haraji, a Amurka baƙon da ƙasarsa bata da yarjejeniyar haraji da su kashi 30 cikin 100 ake cirewa. Babu akwati ja ko kore da zai gaya maka kaso nawa zaka sayar ko yaushe zaka sauka ƙaramin teburi. Kuma kada ƙwarewa ta rufe wa kowa ido, kuɗi ake sawa a kan katin da ba a gani ba, caca ce, tana kama mutum, na ga masu basira sun fi kowa saurin yaudarar kansu domin suna da lissafin da zasu kare kansu da shi. Wannan yana damuna matuƙa.

Wani abu da ya kamata sabon mai siya ya sani, manhajar ta nazari ce kafin wasa ko bayansa, buɗe ta kana tsakiyar hannu maguɗi ne kuma shafukan poka suna rufe akawun su riƙe kuɗi a kai. Su kansu masu manhajar sun fito da hanyar da za a bincika ko an nemi amsar wani hannu a daidai lokacin da ake buga shi, na yaba musu da wannan. Bayan cece-kucen da aka yi a 2024 kan laftof da aka gani a gefen teburin ƙarshe na WSOP ma an ƙara tsaurara doka kan na'urori a wajen gasa.

Batun farashi, akwai matakin kyauta mai ɗan abin dubawa, sai matakan biya wata-wata, kuma abubuwan da na yaba ɗin nan suna sama ne inda kuɗin yake da nauyi. In ƙananan gasanni kake bugawa ka fara da na kyauta tukuna ka ga ko kana da haƙurin zama nazari, domin da yawa suna biya su buɗe sau biyu su manta. In kuma kana kaiwa teburin ƙarshe akai-akai, ɗan uwa ka biya na gasa ka tare a ɓangaren ICM, kuskure ɗaya da zaka kauce wa a can zai iya biyan kuɗin shekara. Wanda kuma yake shirin ajiye aikinsa saboda ya ga launuka sun fara zama masa a kai, ina roƙonsa ya fara rubuta duk abin da ya biya da duk abin da ya ci na tsawon shekara guda cur, har da kuɗin manhajar kanta, ya duba abin da ya rage.