Ove ko Harold Fry? Ki ɗauki Ove

Malama, kin tambaya wanne za ki saya tsakanin littattafan labari biyu, A Man Called Ove da The Unlikely Pilgrimage of Harold Fry, to ki ɗauki Ove kawai.

Fredrik Backman ɗan ƙasar Suwidin ne ya fitar da shi a 2012, Henning Koch ya mayar da shi Turanci. Ove dattijo ne ɗan shekara 59, fuska kullum a murtuke, da sassafe zai zagaya unguwa yana duba wanda ya ajiye mota ko keke ba bisa ƙa'ida ba. Matarsa Sonja ta rasu wata shida kafin labarin ya fara. Abin da ya sa littafin ke ratsa zuciya shi ne Ove bai iya daɗin baki ba, da aikin hannu yake nuna so. Da hatsarin bas a Sifaniya ya zubar wa Sonja da ciki ya kuma bar ta kan keken guragu, shi ya sake tsara kicin ɗinsu daidai tsayin kekenta, shi ya gina mata gangara a makarantar da take koyarwa. Har bayan rasuwarta yana kai furanni kabarinta, ya tsaya yana ba ta labarin unguwa. Babi 39 ne gajeru, wasu na yau wasu na baya, ki daure wa babukan farko, lokacin da maƙwabciyarsa Parvaneh, 'yar Iran mai juna biyu, ta fara matsa masa da buƙatu, daga nan ba za ki ajiye shi ba.

Ki sani dai, a cikin labarin Ove ya yi ta yunƙurin kashe kansa. Kada ki ba yaro, kada kuma ki ba wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan.

Littafin Harold Fry kuwa, na Rachel Joyce, shi ma na 2012, ba laifi. Harold mai sanyin hali ne, ba mafaɗaci ba, ya taka mil 627 a ƙasa cikin kwana 87 don ganin tsohuwar abokiyar aikinsa Queenie da ke kwance da ciwon daji. Tsakiyar littafin tana jan ƙafa.

Sai batun saye. Masu talla a WhatsApp da Instagram da yawa na bogi suke turowa Sakkwato. Kafin ki tura kuɗi, ki ce a yi miki bidiyon kwafin da za a aiko, a buɗe shi daga farko har ƙarshe ki ga lambobin shafi a jere. Ki lura da tawada, na bogi wani shafi baƙi ƙirin wani a koɗe, takardar kuma fara tas mai nuna rubutun bayanta. Gam ɗinsu ba ya jure zafin garin nan, a Afrilu sai ki ga shafuka suna zarewa daga tsakiya. Ko na asalin ma kada ki bar shi cikin mota da rana. In ta tasha za a aiko, ki ce a naɗe shi a leda sannan a sa a kwali.