Sharhina kan jitar lantarki Yamaha Pacifica 112

Gwanjo na saye ta, kuma abin da ya tura ni kasuwa shi ne tsohuwar jitata mai akwati da hunturu ya tsage mata fuska. Duk mai jita irin wannan ya san ciwon: allon gabanta siriri ne, iska ta bushe, katako ya tsuke, ga wayoyin ƙarfe shida na jan sa dare da rana. Sai na ce wannan karon ta lantarki zan nema, mai gangar jiki curarriya da ba rami a cikinta, irin ƙirar da kamfanin Fender ya yaɗa da Telecaster a farkon shekarun 1950 da kuma Stratocaster a 1954.

Wuyanta bai cika hannu ba, yatsu na tafiya salin-alin, ba kamar jitar Sifaniya mai wayar nailan ba, wadda faɗin wuyanta ke wahalar da mai gajerun yatsu. Wannan duk wanda ya taɓa ta zai faɗa maka. Abin da ya sa na zauna rubutu daban ne.

An gayyace mu wasa a bikin wani abokina, ba wutar gari, sai janareta. Ina jona waya a amfilifaya sai wani ƙugi ya cika filin, zuuu, kamar an taɓo gidan zuma. Mai kula da sauti, dattijo ne, ya matso ya ce, "Ɗana, ko dai ka cire ta? Ango na shirin shigowa." Wallahi gumi ya karyo min. Na ce, "Baba, a yi min haƙuri kaɗan." Na tura ɗan maɓallin nan mai mataki biyar na sauya muryar jitar zuwa can ƙasa, wajen gada, wato inda wayoyin ke ɗaure a jikinta. Tsit! Ƙugin ya ɗauke, muryar jitar ta fito da kauri, muka yi wasa har aka tashi.

Sirrin yana cikin maganaɗisun da ke ɗaukar motsin wayoyi su mai da shi sauti. Pacifica na da uku. Biyu masu koyil ɗaya ne, wato naɗin siririyar waya guda, irin na Stratocaster, su ne ke ba da siririyar muryar nan mai kaifi da muke ji wajen makaɗan Agadez, amma ɗabi'arsu ce kwaso hayaniyar wutar da ke kewaye. Na ukun, wanda ke wajen gada, mai koyil biyu ne da aka haɗa a saɓa, ɗaya na kashe ƙugin ɗaya. Humbucker ake ce masa. Injiniya Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson shi a 1955, ya hau kan jitarsu mai suna Les Paul a 1957. Mutumin da yake Amurka bai san janaretanmu ba, amma ya fitar da ni kunya a wannan daren, kuma a kuɗin da na biya ban zaci zan sami muryoyin gidajen biyu a jita ɗaya ba.

Sai dai har yanzu raina na ɓaci idan na tuna mai shagon. Ya rantse ƙaramin sandan ƙarfen nan da ake maƙala wa jitar don girgiza sauti na cikin jaka, na zo gida babu shi. Na kira, "Alhaji, ina sandan?" Ya ce gobe, kuma har yau goben ba ta zo ba. Ƙaramar amfilifayar da ya haɗa min da ita ba ta yi nisa ba ta ƙone, wayoyin da ke kan jitar kuma duk tsatsa. Idan na haɗa abin da na kashe daga baya, arahar ta ragu sosai.

Ga kuma abin da ba laifin kowa ba: in ba wuta, da ƙyar kai kanka za ka ji sautinta. Nan nake kewar mai akwati, wadda zan ɗauka in zauna ƙofar gida da yamma ba ruwana da soket. Mai fara koyo ina ganin ita ta fi masa. Wanda kuwa zai hau dandali ya sayi Pacifica, amma ya sa a jona ta a shago, ya gwada matakan biyar ɗaya bayan ɗaya, ya ga sandan da idonsa kafin ya miƙa kuɗi.