Bidiyon gidan ya yi kyau, amma diron ɗinsu ya leƙa tsakar gidan maƙwabci

Samarin nan masu haɗa wa dillalai tallan gida a dunƙule, hoto da bidiyo da ɗauka ta sama da kuma tura talla a Facebook da Instagram na kwana 14, su ne na ba aikin wani gida da nake dillancinsa a ɓangaren Rijiyar Zaki a Kano. Kuɗinsu duk wanda ke harkar ya san yadda yake, ba sai na faɗa ba. Gidan yana kan fili ƙafa 50 da 100, ɗaki 4 kowanne da banɗakinsa, falo 2, kicin da sito, ga rijiyar burtsatse da tankin sama. Wata 5 yana yawo a sitatus ɗin WhatsApp da hotunan waya, babu wani tayi mai ƙwari.

Aikin cikin gida dai ba ni da abin cewa, sun iya. Sun ƙi ɗauka da tsakar rana, suka ce a bari sai hantsi, don a lokacin hunturu hazo yana mayar da farin fenti toka-toka, rana kuma idan ta take tana ƙona hoton ta taga. Suka sa aka tada janareta aka kunna kowane ƙwai, aka ɗage labule, aka kwashe bokitai da ragowar buhunan siminti daga farfajiya. Ɗaukar ta bi yadda mai saye ke takawa da ƙafarsa: get, wurin ajiye mota, falon baƙi, falon iyali, kicin, ɗakuna, sannan bayan gida inda sokawe da tanki suke. Kyamarar a daidai ƙirji, ba a ɗaga ta sama ba. Abin da ya fi burge ni, ba su yi amfani da gilashin nan mai buɗa hoto ba, na 0.5, wanda ke mayar da ɗaki ƙafa 12 da 12 kamar zauren taro, mai saye ya zo ya ga akasin haka ya ɗauke ka maƙaryaci tun daga bakin ƙofa. Sun buɗe famfon kicin ruwa ya zubo a bidiyo, sun nuna mita, sun nuna kwatar da ke fitar da ruwa zuwa magudanar layi. Waɗannan su ne abin da mutumin Kano ke tambaya kafin ya tambayi launin tayil. Suka fitar da iri biyu, na tsaye mai daƙiƙa 55 na sitatus, da na kwance mai minti 3, kuma suka turo su a matsayin fayil don kada WhatsApp ya matse su su dushe. Da a nan aikin ya tsaya, da na ce kowa ya neme su.

Diron ne, wato ƙaramin jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoto ta sama, ya ɓata komai.

Yarjejeniyarmu ita ce ba abin da zai hau intanet sai na gani na amince. Na ga na cikin gida na ce ya yi. Ɗaukar sama sun ce ba su gama tace ta ba, sai suka liƙa ta a farkon bidiyon suka sake shi daren Juma'a ba tare da sun nuna min ba. Daƙiƙa 9 ce kacal. Jirgin ya tashi daga farfajiya, kyamara tana kallon ƙasa, ya yi zagaye guda a kan rufin. A zagayen nan tsakar gidan maƙwabcin da ke hannun dama ta fito fes, domin irin ginin nan ne mai buɗaɗɗen tsakar gida. Ga matar gidan tana wanki, ga shanya, ga budurwa ta fito daga kicin babu mayafi. Ba sai ka ƙura ido ba, kyamarar tana da kaifi.

Kafin azahar ranar Asabar wani ɗan uwan maƙwabcin ya ci karo da tallan ya tura masa. Mutumin bai yi hayaniya ba, wanda hakan ya fi zafi. Wurin mai unguwa ya nufa, aka kira mai gidan da ake sayarwa, aka kira ni dillali. Abin da ya faɗa gajere ne: "Ranka ya daɗe, na yi katanga don in suturta iyalina, yau an ɗauke su ta sama ana biyan kuɗi a nuna wa duniya. Wa ya ba su izini?" Babu amsa, domin ba wanda ya ba su. Ni aka tsare da ido, sunana da lambata ne a kan tallan, masu diron ba wanda ya san su a unguwar. Mai gidan kuma, wanda ya shekara da shekaru suna sallah sahu ɗaya da mutumin, ya ce min, "Malam, na ba ka gida ka sayar, ban ce ka haɗa ni da maƙwabta ba."

An sauke tallan cikin awa guda, amma duk wanda ya san harkar ya san saukewa ba ta dawo da abin da aka riga aka kwafa. Mutane sun sauke bidiyon a wayoyinsu, ya shiga guruf-guruf na dillalai, kuma babu maɓallin da ke goge shi daga can.

Abin takaicin, kuskure ne da ake kauce masa cikin sauƙi. Gidajenmu ba kamar na unguwannin Abuja ba ne inda komai ke ƙarƙashin rufi. A nan rayuwar mata a tsakar gida take, katanga kuma ta gefe kawai take karewa. Mai tuƙa diron a irin wannan layi ya kamata ya tsaya a kan titi, jirgin ya fuskanci get, ya tashi a hankali kyamara tana kallon gaba, ya tsaya da zarar rufin gidan da farfajiyarsa sun cika hoton. Ba zagaye, ba kifa kyamara ƙasa. Idan dole sai an nuna girman filin daga sama, a sanar da gidajen dama da hagu da na baya kwana ɗaya kafin nan, a faɗi lokaci, a ce minti 10 ne, a kuma gaya wa mai unguwa. Bayan ɗauka a yanke gefen hoton ko a dusashe duk abin da ke wajen katanga. Ba su yi ko ɗaya ba. Na tambayi yaron da ya tuƙa diron ko yana da takardar izinin tashi, sai ya yi dariya ya ce ƙaramin jirgi ne. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama, NCAA, ta ce ba a tada diron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Rijiyar Zaki ma da sauƙi. Wanda ya kai wannan gangancin Jaba ko Fanisau kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, ko gefen barikin Janguza, ba mai unguwa ne zai kira shi ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Daƙiƙa 9 ɗin nan sun nuna hasumiyar masallacin layin da kwanar da ake shigowa daga babban titi. Ga 'yan kayi-nayi wannan taswira ce. Bidiyon kuma babu tambari a jikinsa, lambar waya a rubutun ƙasa kawai take, don haka kowa ya kwafa ya maƙala tasa. Cikin kwana 3 gida ɗaya yana yawo da farashi 3, kowa ya ɗora nasa a kai. Mutum biyu sun je sun ƙwanƙwasa wa mai gidan kai tsaye suna cewa suna da mai saye a hannu. Ba la'ada kaɗai wannan ke ci ba. Mai kuɗin da ya ga gida guda da farashi daban-daban zai ɗauka akwai rigimar gado ko an taɓa sayar da shi, sai ya ja baya shiru ba tare da ya kira kowa ba. Abin da ya tsare ni shi ne takardar da muka rubuta da mai gidan tun farko, cewa ta hannuna ciniki zai bi na tsawon wata 3, da shaidu biyu. Duk dillalin da zai kashe kuɗinsa a talla ba tare da irin wannan takarda ba, wa wani yake yi wa noma. Tambari kuwa a tsakiyar hoton ake sa shi, shara-shara amma ana gani, daga farkon bidiyo zuwa ƙarshe. Na kusurwa yanke shi ake yi.

Gaskiya ba su gudu ba. Shugabansu ya zo da kansa, ya durƙusa gaban maƙwabcin ya ba da haƙuri, bai tsaya kare kai ba. Suka sake tace bidiyon kyauta, suka cire ɗaukar sama, suka sa tambari, suka ƙara kwana 5 a kan tallan daga aljihunsu. A wannan gaɓar na huce, har na ce a raina kuskuren ƙuruciya ne, zan sake ba su aiki.

Sai na ce a nuna min shafin da aka saita tallan, raina ya sake ɓaci. Najeriya gaba ɗaya suka zaɓa, shekara 18 zuwa sama, manufar tallan kuma tara masu danna "like" da sharhi. Shi ya sa suke turo min hoton dubban mutanen da suka kalla suna murna. Me zan yi da ɗalibi ɗan shekara 19 a Fatakwal da ya rubuta "Allah ya ba mu"? Saƙonni sun shigo sama da 200, kusan dukkansu kalma biyu ne, "nawa ne", saboda ba su rubuta farashi ba, wai dabara ce ta sa mutane su yi magana. Wannan dabarar mai sayar da atamfa ce. A gida, farashi shi ne rariya: wanda kuɗinsa bai kai ba ya wuce, wanda ya kira ka san ya ga adadin bai tsorata ba. Wasu ma haya suke nema, don babu inda aka rubuta "na sayarwa" da manyan baƙaƙe. Kwana biyu aka ɓata ana amsa waya a banza.

Saitin da ya dace ba ɓoyayye ba ne. Manufa ta zama saƙo zuwa WhatsApp. Wuri ya zama Kano da kewayenta, sai wani rukunin daban na Abuja da Kaduna da Legas, inda 'yan Kano masu albashi da 'yan kasuwa ke zaune suna neman gidan da za su ajiye iyali, kowane rukuni da kasonsa don a ga wanne ke kawo mutanen kirki. Shekaru daga 30. Rubutun da Hausa, layin farko ya ɗauki unguwa da girman fili da farashi, na biyu yawan ɗakuna da ruwa da wuta, na uku irin takarda. A bar shi kwana 3 ba a taɓa ba, sannan a kashe rukunin da ke cin kuɗi babu saƙo. A kuma nemi rasit na ainihin abin da aka biya Facebook, har da harajin VAT na kashi 7.5, domin "kuɗin talla" da ake haɗawa a dunƙule ba ka san nawa ya isa can ba. Na nema sau 3 kafin na samu.

Takarda ma sun yi min katsalandan. Na ce musu gidan yana da takardar ba da fili ta gwamnati da takardar cinikin wanda ya saya daga mai ita, satifiket ɗin mallaka, wato C of O, bai fito ba. Su kuma suka rubuta "C of O" saboda ya fi daɗin ji. Mai sayen gaske lauya yake turawa KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta Jihar Kano, a bincika fayil kafin ya ba da ko sisi, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce sauya hannu sai da amincewar gwamna, don haka ƙaryar takarda ba ta wuce mako guda. Ranar da aka gano, ba tallan za a ƙaryata ba, dillalin za a ƙaryata. Ga kiɗa da suka shimfiɗa a ƙarƙashin bidiyon, alhali yawancin masu wannan kuɗin dattawa ne da za su fi son murya tana bayani da Hausa: nan falo ne, ƙafa kaza, nan ruwa ke fita.

Bayan an gyara saitin a kwana 5 na ƙarin, saƙonni sun ragu zuwa 20 da 'yan kai, mutum 4 suka zo gani da ido, ɗaya ya yi tayi ana kan daidaitawa. Dukkansu sun ce gidan ya yi daidai da abin da suka gani a waya, wannan kuma yabon masu kyamarar ne, ban hana su ba. Idan hoto da bidiyon cikin gida kake so, ka kira su, ka tsaya a wurin har su gama. Diron kada ya tashi sai ka zagaya maƙwabta da ƙafarka. Tallan kuma ka riƙe shi a shafinka, da katinka, su dai su ba ka fayil. Ragowar kashi 30 na kuɗinsu sai da suka goge ainihin ɗaukar saman daga katin kyamara da kwamfutarsu a gabana sannan na biya. Maƙwabcin yana amsa sallama, amma ya riga ya sa an ja rumfar kwano a kan rabin tsakar gidansa, kuma mai gidan ya ce daga la'adata za a cire kuɗin kwanon.