Rubutu ya yi hazo a monita mai doro: THT ce ko kwalba ce?

Assalamu alaikum, 'yan zaure.

Ƙanenmu mai shagon buga takardu a Marwa ya turo tambaya shekaranjiya. Monitarsa mai doro ce, inci 17, cikin gwanjon Turai ya saye ta. Tun da ruwan Agusta ya kankama, in ya kunna ta da safe sai rubutu ya fito dishi-dishi, ba ya raba "a" da "o", sai ta yi wajen rabin awa kafin ya ɗan washe. Ya kai wa masu gyara biyu. Na farko ya ce THT ce, wato taransifomar babbar wuta, a nemo wata. Na biyu ya ce kwalba, wato babban gilashin da hoto ke fita a fuskarsa, ta mutu, ya haƙura ya sayi fulat. Yana tambaya maganar wa zai kama.

Ƙanena, kowannensu ya faɗi cutar da ke akwai, amma alamunsu ba ɗaya ba ne, kuma kana iya rarrabe su kafin sisinka ya fita.

Ga yadda abin yake a ciki. A wuyan kwalba akwai bindigogi uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, suna harba siririn zaren wuta zuwa gilashi, shi ke rubuta duk abin da kake gani. Zaren nan sai an matse shi ya yi tsini kamar allura kafin harafi ya fito tsaf. Mai ba da wutar matsewar ita ce taransifomar da mu da muka koyi aiki da Faransanci muke kira THT, 'yan uwanmu na Mubi da Yola kuma su ce fulaibak. Tana fitar da bolt wajen 25,000 ta jar wayar nan mai kauri da ke shiga jikin kwalba a ƙarƙashin murfin roba mai kama da ƙahon wanzami. Daga cikin wutar nan take rage wani kaso, bolt 5,000 zuwa 8,000, ta aika wa ƙafar fokas, mai matse zaren, sannan wasu 'yan ɗaruruwa zuwa ƙafar da aka rubuta wa SCREEN. Wanda ya yi makarantar allo ya san alƙalamin kara: in rubutu ya baje, ko dai fiƙar ce ba ta yi ba, ko karan ne ya ruɓe. Matsalar THT fiƙa ce, ana sakewa. Tsufan kwalba ruɓewar kara ne, duk yadda ka fiƙe ba zai yi baki ba.

Abu na farko da ke raba su shi ne lokaci. Ciwon ɓangaren THT yana tafiya da agogo da yanayin gari. Da safe hazo, da hantsi ya washe. Ko kuma ya fara garau, sai monita ta ɗau zafi rubutu ya narke. Ran da aka kwana ana ruwa ya fi muni, ran da aka yi rana ya yi sauƙi. Dalili shi ne rizistocin da ke raba wutar fokas a cikin THT suna canzawa da zafi in sun gaji, danshi kuma yana buɗa wa wuta hanyar tsiyaya. Kwalbar da ta tsufa ba ruwanta da damina. Takan yi nauyin tashi, hoto ya fito duhu-duhu ya yi ta ƙaruwa a hankali, amma ko ta wuni a kunne rubutun ba zai kai kaifinsa na da ba. Yau haka, gobe haka, baɗi ya ɗara na bana.

Na biyu shi ne haske. Rage haske da kwantaras sosai, ka dubi ƙananan haruffa, sannan ka ƙara su. In da ƙaramin haske rubutu yana da kaifi, da ka ƙara sai fari ya baje ya cinye baƙin da ke gefensa, hankalina zai koma kan kwalba. Garin da aka shafa a bakin bindigogi, mai sakin zaren, ya cinye daga tsakiya, sai zaren ya riƙa tasowa daga gefe-gefe da faɗi. Galibi da 'yan rakiya: fari ba ya fita tas, yana jan ruwan ɗorawa ko ruwan hoda saboda bindiga ɗaya ta riga 'yan uwanta gajiya, kuma ko ka ƙure haske hoton na nan a dushe. A ɓangaren THT kuwa launi lafiya lau, haske isasshe, hazon ne kawai, kuma rage haske ba ya korar sa. Sai dai a kula da wani abu guda mai ruɗi. In ka buɗe farar takarda ka ga hoton gaba ɗaya ya kumbura, gefunansa sun faɗaɗa, ka rufe ya koma, wannan babbar wutar ce ba ta tsayawa da ƙafarta. Laifin THT ne ko kayan da ke ciyar da ita, ba na kwalba ba, ko da yake haske ne ya tono shi.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, danna maɓallin da ke gaban monitar, akwatin saitinta ya fito. In rubutun akwatin na da kaifi amma na kwamfuta ne ya baje, to duka masu gyaran biyu sun yi kure, kebul ɗin VGA mai allura 15 ne ko katin hoto. Kebul maras kyau yana jan inuwa zuwa dama, kamar kowane harafi na da wutsiya. Haka in ka ga gefen harafi ja a nan, shuɗi a can, bindigogin ne ba su haɗu a wuri ɗaya ba, wani saiti ne daban. Ka kuma duba girman hoton da aka sa mata. Mai inci 17 ta fi sakewa a 1024 da 768, in aka ɗora mata fiye da ƙarfinta rubutu zai yi laushi alhali lafiyarta ƙalau.

Gwajin da ya fi kowanne yanke hukunci sai an buɗe bayan monitar, kuma a nan zan ja kunnenka. Kada ka buɗe da kanka. Kwalba tana riƙe wuta bayan an zare filogi, babbar kondansar da ke tace wutar 220 kuma tana ajiye bolt wajen 300. Wuyan kwalba siririn gilashi ne, cikinta ba iska, in ta fashe tarwatsewa take yi. Ka tsaya a gaban allo kana kallo, mai gyara ya yi aikin bayansa da sukundireban roba, hannu ɗaya a aljihu.

A jikin THT akwai 'yan maɓallan murɗawa biyu, na sama FOCUS, na ƙasa SCREEN. Manyan monitoci na da fokas biyu, sai an yi ta kai da komo tsakaninsu kafin tsakiya da kusurwoyi su daidaita. A bar monita ta yi minti 30 a kunne, a sa alama a inda maɓallin yake, sannan a murɗa FOCUS a hankali. Yadda rubutu ya amsa shi ne shaida. In ya yi kyau a wani wuri a tsakiya, ka wuce ya lalace, ka dawo ya lalace, kuma wurin nan mai kyau garau yake, to saiti ne kawai ya goce, an gama. In akwai wurin da ya fi kyau a tsakiya amma shi ma da laushinsa, THT ta ba da duk abin da ake nema gare ta, kwalba ce ta kasa. In kuwa kana murɗawa yana ta ƙara kyau har maɓalli ya ƙure bai kai ba, ko yana tsalle, ko bai motsa ba sam, ko ka saita yau gobe ya gudu, to wutar fokas ce ba ta isa yadda ya kamata, ɓangaren THT ke nan. Maɓallin SCREEN a ƙyale shi. In aka ɗaga shi allo zai yi toka-toka, layuka su fito a karkace, wata monitar ma ta kashe kanta. Kuma in mai gyara ya ɗauko mitarsa ta yau da kullum zai auna ƙafar fokas, hana shi. Mitar nan bolt 1,000 ce iyakarta.

Yanzu ga abin da duka biyun ba su faɗa maka ba, kuma shi na fi zargi. Wayar fokas ba kai tsaye take shiga kwalba ba, ta soket take bi, farar robar nan da ke kan ƙaramin allon da aka cusa a ƙarshen wuya. Ƙafar fokas tana da ɗakinta daban a cikinsa saboda yawan wutarta. Mu a ƙasar nan mun san abin da hunturu ke yi. Babbar wuta tana jan ƙura kamar maganaɗisu, daga Disamba zuwa Fabrairu ta cika kowane lungu. Damina ta zo, ƙurar ta sha laima ta zama hanya, wuta ta riƙa tsiyaya ta cikinta, ƙafar tagulla ta yi koriyar tsatsa. Da safe soket na da danshi, fokas ya faɗi. Wuyan kwalba ya ɗau zafi, danshin ya bushe, rubutu ya washe. Ka sake karanta tambayarka: Agusta, safiya, rabin awa. A nan Garwa da muke bakin Binuwai, daga Yuli zuwa Satumba wannan ita ce cutar da ta fi zuwa teburina.

Na taɓa sa wani bawan Allah mai koyar da yara kwamfuta ya jira sati uku, aka nemo masa THT daga tsallaken iyaka, na ɗora, washegari da safe hazon na nan yadda yake. Da na zare allon wuya na buɗe soket, kore shar. Na mayar masa da kuɗinsa, amma sati ukun da yaran suka yi ba darasi ban iya mayarwa ba, kuma har yau abin na damuna. Tun daga ranar ba na yanke wa THT hukunci sai na ga cikin soket da idona. In tsatsar kaɗan ce a kankare, a wanke da sifirit, a bar shi ya bushe sarai. In robar ta ƙone ko ta yi baƙin layi, wanki ba zai yi ba, a ciro wani daga matacciyar monita mai wuya irin nata. A sake narka dalmar ƙafafun allon wuyan gaba ɗaya, don zafi na tsattsaga ta.

Ta fuskar kuɗi da wahala kuwa, tazarar na da yawa. Soket aikin awa ɗaya ne, kusan ladan hannu kawai za ka biya. THT tana gyaruwa ta hanyar canji, amma samunta ne aiki, don an daɗe da daina ƙera monitocin nan. Dole lambar da ke jikinta ta zo daidai, ko a samo irin monitar da ta mutu ta wani wajen a cire. Kada wani ya ce zai sa maka ta talabijin don ƙafafunsu sun yi kama. Talabijin ɗinmu layi 15,625 yake ja a daƙiƙa, monita kuwa daga 31,000 take farawa ta yi sama, ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Kwalba ita ce ba ta da magani na gaskiya. Akwai na'urar da ake bugun bindigogi da ita su farfaɗo, takan ba da 'yan watanni, wani lokaci kuma ta ƙarasa su nan take. Wasu na ƙara wa hitar wuya, mai ɗumama bindigogin, wuta sama da bolt 6.3 da aka yi ta da shi, hoto ya yi kyau ranar da za ka karɓa, bayan ɗan lokaci ya faɗi warwas. Ba na yin wannan, kuma ba na so a yi maka.

Saboda haka in gwaji ya nuna kwalba ce, mai gyara na biyu ya yi gaskiya, kada ka zuba kuɗi a rijiya. Kai da ke wuni kana buga takardun mutane, idonka ya fi monita tsada, fulat kuma ba ta shan ko rabin wutar mai doro, abin da mai aiki da janareta ko sola zai ji a aljihunsa. Tsohuwar kada a fasa ta ko a ba yara su ƙona don tagulla, gilashinta na da dalma a ciki. Ka kai wa mai gyara, soket ɗinta da THT ɗinta za su tashi wata.

Amma bisa abin da ka rubuta, ban ga alamar kwalba ba. Ba ka ce hoto ya yi duhu ba, ba ka ce launi ya juya ba, kuma kwalbar da ta tsufa ba ta warkewa da hantsi. Na fi karkata ga mai gyara na farko, sai dai ya yi saurin kai hannu kan THT. Ka koma wurinsa da safe, monitar a sanyaye, ka roƙe shi ya sauke wutar kwalba ya buɗe soket a gabanka. In tsaf yake, sannan a murɗa fokas a ga yadda zai amsa. Kafin nan ka yi gwajin akwatin saiti da na rage haske yau da dare, ka rubuto mana abin da ka gani, tare da lambar da ke bayan monitar, in duba ko ina da irinta cikin matattun da ke shago.

Allah ya ba da kasuwa, a gaida mutanen Marwa.