Wata takwas da na'urar awon jini a ɗakin Umma

Wata safiya Umma ta tashi za ta yi alwala, jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafa bango. A asibiti nas ta ɗaura mata abin awo, ta rubuta 172/104 a kati, ta ɗago kai ta ce, "Mama, kin daina shan maganinki ne?" Umma ta yi shiru. Shekara uku ke nan da likita ya ce tana da hawan jini, amma a wurinta magani na ranar ciwon kai ne, in ta wayi gari garau sai ta tura shi ƙarƙashin filo. Ni kuwa da na riƙe katin, ban san abin da lambobin biyu suke nufi ba. A hanyar komawa gida na tsaya kemis na sayi na'urar awon jini.

Irin wadda ake naɗawa a damtse ce, mai batir huɗu da maɓalli guda. Mai kemis ya hana ni ɗaukar ta wuyan hannu duk da ta fi arha, ya ce hannu na ɗan karkacewa take ba da lambar da ba ita ba. Kana dannawa sai ta kama gurnani, ƙyallen ya cika da iska ya matse damtse, ya saki a hankali, kafin minti guda lambobi uku sun fito manya-manya, har Umma na karanta su ba tabarau.

Lambobin nan su suka zama makarantata. Ta sama, wadda aka rubuta SYS a gefenta, ƙarfin da jini ke tunkuɗar jijiyoyi ne a lokacin da zuciya ta matse ta harba shi. Ta tsakiya, DIA, ƙarfinsa ne lokacin da zuciyar ta saki tsakanin bugu da bugu. Ta ƙasa kuwa ba awon jini ba ce sam, yawan bugun zuciya ne a minti guda, wanda ga babban mutum da ke zaune yake tsakanin 60 da 100. Hukumar Lafiya ta Duniya na kiran abu hawan jini idan an auna a ranaku biyu daban-daban an samu ta sama ta kai 140, ko ta tsakiya ta kai 90. Likitan Umma ya ce mu a gida mu riƙe 135/85, domin hankali ya fi kwanciya a ɗaki, wasu ma ganin farar rigar likita kaɗai kan sa jininsu ya hau.

Makon farko lambobin suka yi ta hawa da sauka har na fara zargin na'urar. Ashe muna aunawa ne tana fitowa daga madafa, tana magana, ƙafa ɗaya kan ɗaya, wani lokaci da goro a baki. Nas ce ta gyara mana: a zauna minti biyar a jingina baya, tafin ƙafa a ƙasa, hannu bisa tebur daidai da ƙirji, ba magana, ba goro ko shayi mai ƙarfi rabin awa kafin awo, a yi sau biyu da tazarar minti guda. Na tafi da na'urar asibiti aka gwada ta da tasu, bambancin bai taka kara ya karya ba.

Amfanin da ya fi girma ba a na'urar kaɗai yake ba, yana cikin ɗan littafin da nake rubuta awon safe da yamma. Akwai ranar da Umma ta ce, "Yau kam lafiyata ƙalau, ba sai na sha ba." Muka auna, 161/98. Bayan kwana uku ta kwana da ciwon kai, ta tabbata jini ne ya hau, muka auna, 132/84. Na buɗe mata shafukan biyu ta daɗe tana kallo. Shekara uku ana faɗa mata hawan jini ba ya sallama, yana cin zuciya da ƙoda da ido a ɓoye har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, bai shige ta ba sai da ta gani da idonta. Tun daga ranar take shan ƙwayarta bayan sallar asuba ba tare da an tuna mata ba. Gishiri ma ta rage. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ƙasa da giram 5 ne a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule da kanwa duk suna cikin lissafi, abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

Inda na'urar ta gaza shi ne ƙyallen da ya zo da ita, na damtsen santimita 22 zuwa 32 ne kawai. Goggo ta zo ta ce a auna ta, da ƙyar ya zagaye hannunta, ga shi ƙyalle in ya yi kaɗan lambar kan fito sama da gaskiya. Takardar bayanin kuma Turanci ne zalla da ƙananan baƙaƙe, dattijuwar da ke zaune ita kaɗai ba abin da za ta tsinta a ciki. Batir mai arha ba ya jimawa a cikinta.

Abu guda ya fi damuna. Maƙwabta sun ji labari suna shigowa awo, kuma muna yi musu da farin ciki, amma wata da ta ga 150 sai ta ce, "Hajiya, ki ɗan ba ni naki in sha." Na ce a'a, ta je likita ya duba ta, domin na'urar ba ta rubuta magani. Wanda kuma awonsa ya kai 180/120, musamman da ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko harshe ya yi nauyi, a nufi asibiti da shi nan take.

Zan sake sayenta, kuma ina ba duk mai tsoho da hawan jini shawarar ya ajiye irinta, sai dai ya fara auna damtsen da tef ɗin tela kafin ya biya kuɗi. Na sa mai kemis ya nemo mana babban ƙyallen saboda Goggo. Awon Umma na safiyar yau 128/82.